Yadda Na Zaunar da Littafin Baba a Kwamfutoci Biyu

Shekara 3 ke nan ina rubuta tarihin mahaifina, Allah ya jiƙansa. Ya yi shekara 24 yana aiki a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri, a zamanin da in aka busa jiniyar tashi kekuna ke cika titi har ba a ganin kwalta. Tun 1957 da masaƙar farko ta fara aiki a Kaduna, unguwanni sukutum suka ginu a kan wannan sana'a, amma yau in na tambayi ɗalibaina mene ne aikin mai kula da injin saƙa, sai su yi ta kallona. Abin da ya zaunar da ni rubutu ke nan. Tarihin yana nan tafe in Allah ya yarda. Abin da zan ba da labari yau shi ne faman da na sha kafin littafin ya zauna lafiya a kwamfutoci biyu da ba tsarinsu ɗaya ba, don na san akwai marubuta irina da za su bi ta wannan hanyar.

A tsohuwar kwamfutata mai Windows na fara. Batirinta ya daɗe da gajiya, in aka ɗauke wuta minti 10 take yi ta mutu. Da Word nake aiki har babi ya kai 9, ga hirarraki, ga hotuna, ga abin da na kwafo daga ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke titin Yakubu Gowon, sai abin ya fi ƙarfina. Wata abokiyar aikina ce ta nuna mini Scrivener, manhajar da wani kamfanin Ingila mai suna Literature & Latte ya yi domin masu dogon rubutu. A cikinta kowane yanki na littafi zaman kansa yake yi a jeri ta gefen hagu, ki ja wannan sama, ki mai da wancan ƙasa, hoton da kike rubutu a kansa yana buɗe kusa da ke. Na ji daɗinta ƙwarai, har yanzu kuma ina ji.

Bara da azumi Yayana ya sauya kwamfuta, ya ba ni tsohuwar MacBook ɗinsa. Ga rashin nauyi, ga batiri mai kai ni la'asar. Duk wanda ke zaune a Tudun Wada ya san darajar wannan. Sai na tsara cewa ranakun da ba ni da darasi zan riƙa ɗaukarta zuwa ɗakin karatu na Gidan Arewa a titin Rabah, da dare kuma in koma kan tsohuwar, don fuskarta ta fi faɗi kuma yatsuna sun saba da ita. Abu na farko da na tarar shi ne lasisin manhajar na Windows daban, na Mac daban, kowanne da kuɗinsa. Yaya ne ya biya mini na biyun. Na biyu kuma, dole duka kwamfutocin su kasance a kan fitowa ta 3. Ta Mac ta fito a Nuwamban 2017, ta Windows ba ta iso ba sai Maris na 2021, saboda haka waɗanda suka riga ni shiga sun yi shekaru suna juya littafi daga sabon tsari zuwa tsoho. Ni na tarar an share wannan hanyar.

Ranar farko na buɗe foldar littafin a Windows, na ga tarkace da yawa a ciki, na ga fayil ɗaya mai ɗauke da tambarin manhajar, sunansa ya ƙare da .scrivx. Shi nake dannawa kullum littafin ya buɗe, don haka shi kaɗai na kwafa na kai Mac. Ya ƙi buɗuwa. Ɗan Yayana da ke karatu a Samaru ya zo hutu a lokacin, na kira shi.

Ya duba, ya ce, "Gwaggo, wannan ai ba shi ne littafin ba. Shi aikinsa ya san wane babi ke bin wane. Rubutun naki yana cikin waɗancan ƙananan foldodin, kowane yanki da fayil ɗinsa. Foldar gaba ɗaya za ki ɗauka, mai ƙarewa da .scriv."

Na ce, "Wato takardar lissafin kayan lefe na ɗauko, na baro akwatunan a gida."

Ya ce, "Shi ke nan, Gwaggo, kin gane."

Da muka kwafi foldar duka muka kai Mac, sai ta bayyana a matsayin abu guda tak, kamar fayil ɗaya. Ya nuna mini cewa folda ce dai, Mac ce ke lulluɓe ta don kada a shiga a yi ɓarna, Windows kuwa a buɗe take barin ta. Duk wahalar da na sha daga baya daga nan ta samo asali: littafin da nake gani guda ɗaya, a ƙasa ɗaruruwan ƙananan fayiloli ne, kuma dole su riƙa tafiya tare.

Akwai had-disik na waje da nake ajiye kayana. Mac ta buɗe shi, ta nuna duk abin da ke ciki, amma ta ƙi yarda in ajiye ko harafi ɗaya a kansa. Na kai wa wani mai gyara a cikin shagunan titin Ahmadu Bello. Ko minti biyu bai yi ba ya ce, "Hajiya, lafiyarsa ƙalau. An tsara shi ne da NTFS, na Windows ke nan, Mac karantawa kawai take yi. Sai mun mai da shi exFAT, shi duka biyun suna ji. Amma fa fomatin zai share komai, bari mu kwashe kayan tukuna." Muka kwashe, ya yi, muka mayar. Bayan kwana biyu na sake komawa wurinsa hankalina a tashe, don na ga wasu baƙin fayiloli sun fito a Windows, sunayensu irin na nawa amma da ɗigo da ɗan layi a gaba, ga wani wai shi .DS_Store. Duk wanda ya taɓa kai filash shagon buga takardu ya dawo da bairos zai fahimci tsorona. Ya ce ba cuta ba ce, sawun Mac ne, bayanan da take ajiye wa kanta, a can ɓoye suke, Windows ce ke fito da su. In bar su kawai.

Wata guda na yi ina jigila da had-disik. Matsalar ba ta na'ura ba ce, ta mantuwa ce. Wata rana in fita ban kwafa ba, in ce zan haɗa da dare, da dare kuma in tarar na taɓa babi na 4 a nan, na taɓa babi na 7 a can. Har aka kai ina da littafi uku, ban san wanne ne uwa ba.

Nan ne yaron ya ce mu koma Dropbox, ma'ajiyar intanet da ke daidaita folda ɗaya a kan kwamfutoci daban-daban, wanda masu manhajar da kansu suka fi ba da shawara a kansa, sun kuma ja kunne kada a ɗora littafin da ake kan aiki da shi a Google Drive. Na kyauta yana ba da gigabait 2, a kan na'ura 3. Rubutu ba ya cin wuri, sautin hirarrakin da na ɗauka ne mai nauyi, don haka muka fitar da su daga cikin littafin muka bar su a had-disik. Ya kuma saita foldar ta zauna da jikinta a cikin kowace kwamfuta, domin akwai yanayin da fayil ke zama a intanet a bar miki sunansa kawai, kuma manhajar da ke neman ɗaruruwan fayiloli a lokaci ɗaya ba ta jure wannan. Wani abin da ya faranta mini shi ne data ba ta tafiya sosai, tunda yankin da aka taɓa ne kaɗai ke hawa, ba littafin duka ba.

Kafin ya koma makaranta ya rubuta mini a takarda ya manna jikin bango saitin teburina: "Ki rufe littafin. Ki jira alamar Dropbox ta nuna ta gama. A ɗayar ma ki jira alamar kafin ki buɗe." Na bi wannan sau da ƙafa har wata 4.

Cikin damina na samu wani tsohon abokin aikin Baba a Nasarawa, can bayan Kakuri. Dattijo ne da ya haura 80, kunnensa ɗaya ba ya ji, ya ce injin ne ya cinye shi. Ya fito mini da katin shaidar aikinsa daga cikin wata leda da aka naɗe da kyauron roba, hoton ya koɗe, amma lambar tana nan raɗau. Ya ce a ɗakin saƙa ba a magana da baki saboda ƙara, da hannu ake yi, kuma Baba yana da alamar da yake yi masa in lokacin salla ya yi, ya taɓa goshi da yatsa biyu. Ya yi mini alamar, sai na ga hannun Baba. Ban taɓa jin wannan a gida ba. Na dawo na yi isha'i na zauna kan tsohuwar kwamfutar, ban ɗaga kai ba sai wajen ƙarfe ɗaya na dare. Hadari ya taso, iska ta fara kaɗa kwanon rufi, aka ɗauke wuta. Na'urar intanet ta gidan ta mutu nan take. Na san minti 10 gare ni, na rufe littafin yadda ya kamata, na kashe kwamfutar na kwanta. Rufewa na yi, jira ne ban samu yi ba, kuma da safe abin ya fita daga raina gaba ɗaya.

A Gidan Arewa na jona Mac da datar wayata na danna littafin. Wani gargaɗi ya fito cewa da alama littafin yana buɗe a wata kwamfutar. Na san na rufe shi da hannuna, sai na danna a ci gaba. Daga baya na fahimci cewa akwai ɗan fayil da manhajar ke ajiyewa a matsayin shaidar ana kan aiki, tana cire shi in an rufe, to labarin cirewar ne bai iso ba tunda babu intanet. Gaskiya gargaɗin ya faɗa mini. Na ga babi na 11 bai kai inda na tsaya jiya ba, na ce a raina sauran yana hanya, na hau gyara farkonsa, na ƙara sabon yanki a kan abin da na karanta a ranar.

Da yamma wuta ta dawo, na kunna tsohuwar. Ita ma ta tura nata. Yanzu babi ɗaya yana da fuska biyu, takardar jerin ma ta zama biyu, kuma babu na'urar da za ta iya sanin wanne marubuciya take so. Da na buɗe, sai na ga wata sabuwar folda mai suna Conflicts a jerin, da gutsattsarin rubutu a ciki, wasu yankunan kuma ba sa inda na bar su. Na nemi wurin alamar yatsa biyu ban gani ba. Jikina ya yi sanyi. Na rufe na sake buɗewa ko zai dawo. Na sake. Na sake. Sau uku. Sannan na kira Samaru.

Tun ban gama bayani ba ya katse ni. "Gwaggo, don Allah kada ki sake buɗe shi. Sau nawa kika rufe?"

Na ce uku.

Ya ce, "To alhamdu lillahi. Ki cire hannunki daga kai."

Ashe duk lokacin da aka rufe littafi, manhajar tana ɗaure kwafinsa gaba ɗaya a ƙunshi guda na zif ta ajiye a wata folda daban cikin kwamfutar. Amma yadda take zuwa daga kamfani, guda 5 na baya-bayan nan take riƙewa, in na shida ya shigo mafi tsufa ya fita. Rufewa ukun da na yi cikin ruɗu sun haifar da kwafi uku na littafin da ya rikice, sun tura na daren ruwan sama zuwa na huɗu. Da na ƙara biyu, da ya tafi.

Ta waya ya yi mini jagora. Na shiga saitin manhajar ba tare da na taɓa littafin ba, na buɗe foldar ajiyar, na duba lokacin kowane ƙunshi, na ga mai ƙarfe 1 da 'yan mintoci. Na kwafe shi zuwa wani wuri da Dropbox ba ya gani, na kwance shi, na sauya masa suna, na buɗe. Komai na nan har jimlar ƙarshe da na rubuta kafin iska ta taso. Na daɗe zaune ina kallon sakin layin nan, sannan na tashi na yi nafila.

Aikin safiyar Gidan Arewa kuma a cikin gutsattsarin nan na tsinto shi. Dare biyu na yi ina gwama su layi-layi, ina ɗauko gyaran safe ina sakawa a rubutun dare. Da na gama na fitar da rikitaccen littafin daga Dropbox, na jira duka kwamfutocin suka nuna babu shi, sannan na saka mai kyaun. A ranar na mai da adadin kwafin ajiya 25 a kowace kwamfuta, na sa a riƙa rubuta kwanan wata a sunansu. Duk Juma'a kuma ina kwafar ƙunshi ɗaya zuwa had-disik. Dalili shi ne daidaita kwamfutoci biyu ba ajiya ba ce. In kika share babi a nan, cikin daƙiƙu za a share shi a can, da biyayya za ta kai ɓarnar kamar yadda take kai gyara. Dropbox na riƙe tsofaffin fayiloli na kwana 30 a tsarin kyauta, amma tsamo su ɗaya-ɗaya daga cikin ɗaruruwa masu sunayen lambobi ba aikin da zan so wa kowa ba ne.

Sauran abin da ya rage namu ne mu masu rubutu da Hausa, kuma babu littafin jagorar da zai gaya maka shi. Babi uku na farko tun da daɗewa na bayar aka buga mini su a shago, da irin tsohon zubin haruffan Hausa da ake amfani da shi kafin kwamfutoci su san ƙ da ɗ da ɓ. Waɗanda suka ƙirƙiro waɗannan zubi sun yi wa harshen nan hidima babba, da su aka buga littattafai da jaridu masu yawa. Dabarar ita ce a ari gurbin wata alama a zana harafi mai lanƙwasa a kai. A tsohuwar kwamfutata akwai zubin, don haka ƙasa nake gani, ɗaya nake gani. Mac ba ta da shi, sai ta nuna abin da ke ƙasa: }asa, ]aya. Wasu zubin kuma q da x da v suka ara, shi ya sa za ka ga qasa da xaya a wasu rubuce-rubucen. Da na so sauƙi, da na kwafi zubin na saka a Mac. Amma na yi tunanin ranar da littafin zai je hannun mai ɗab'i, ko wani ya buɗe shi a waya. Sai na bi hanyar nema da sauyawa, alama ɗaya bayan ɗaya, babba daban ƙarami daban, na mai da su haruffan gaskiya na Unicode, waɗanda kowace na'ura ta san su da lambarsu. Na yi kwafin ajiya kafin in fara, don akwai wuraren da na yi amfani da baka ta gaske a cikin maganar da na ɗauko daga takardun tarihi, su da hannu na bi su.

Don buga haruffan na saka Keyman a duka biyun, manhaja ce ta kyauta da ke aiki a Windows da Mac, saboda yatsuna su riƙa bin hanya ɗaya ko'ina na zauna. Zubin harafi kuma na zaɓi Charis SIL, shi ma kyauta, yana da dukkan masu lanƙwasar manya da ƙanana. Shi ma sai an saka shi a kowace kwamfuta, ba ya bin littafi. In babu shi a ɗaya, za ta aro ƙ daga wani zubin, ka ga harafin ya yi tsaye a tsakiyar kalma kamar baƙo a taron dangi.

Wanda ya fi ba ni wuya kafin in gano shi ne ɗan waƙafin sama na 'ya'ya da 'yan da ma'aikata. Wata kwamfutar tana lanƙwasa shi da kanta, a farkon kalma ma ta juya shi baibai don ta ɗauka buɗe zance zan yi, ɗayar kuma a miƙe take barin sa, domin saitin manhajar na kowace kwamfuta ne, ba ya cikin littafin. A littafin da kusan kowane shafi akwai ma'aikata, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Na kashe lanƙwasawar a duka biyun, na bi na daidaita na baya. Haka kuma wani babi da na fitar a Mac don in tura wa Yaya, na sa masa suna "Ina ma'aikatan suka tafi?", ya ƙi bayyana a Windows har kwana biyu. Alamar tambayar ce. Windows ba ta karɓar ta a sunan fayil, haka ɗigo biyu da tauraro da wasu 'yan kaɗan. Na cire ta, ya sauko nan da nan.

Makon jiya na ɗauki Mac na tafi wajen Umma a Unguwar Sanusi na karanta mata babi na 11. Tana zaune kan tabarma tana tsince shinkafa, ba ta ce komai ba har na zo wurin alamar salla. Ta ajiye tiren ta ce, "Ba goshi ba ne kaɗai. Goshi yake taɓawa, sannan ya nuna gabas da haɓa. A gida ma haka yake yi mini in muna da baƙi." Na ce, "Umma, sake yi mini in gani." Ta yi. Na gyara a wurin, na rufe littafin, na kunna datar wayata. Sabis ɗin ɗakinta ba shi da ƙarfi, sai da na fito tsakar gida na ɗora kwamfutar a kan turmin da aka kife. Ta leƙo ta ce me nake jira, shinkafa ta kusa. Na ce, "Minti ɗaya, Umma, maganarki ce ke tafiya gida." Alamar ta juya, ta juya, ta tsaya. Na rufe murfin na shiga ciki.